Wa Ya Koya Masa Riƙon Aska?

A ƙasarmu ta Kanya Babba, da Babura, da Kazaure, har Roni da Gwiwa, ba a kiran wanzamin da ba a san gidansu ba. In za a yi wa yaro kaciya, ko a yi wa tsoho ƙaho, maigida ya riga ya san wanda zai aika a kira masa. Ya san ubansa, ya san wurin wanda ya koyi sana'ar, ya kuma san 'ya'yan wa da wa suka bi ta hannunsa suka warke lafiya. Baƙo yana iya sauka a kasuwa da zabira a kafaɗa, a ba shi kai ya aske, amma ba mai miƙa masa jariri. Ba wanda ya rubuta wannan doka, duk da haka kowa yana bin ta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen wanzamai a wannan wata shi ne wani sabon abu da ya shigo gidajenmu ta cikin waya. Ana tallar wani aikin fiɗa da ake kira zuƙar kitse. Za ka ga hoto biyu a jere, na farko mace ce da teɓa, na biyu ita ce dai amma ciki ya lafe kamar ba ta taɓa haihuwa ba. A ƙasan hoton an rubuta a zo Masar, ko Turkiyya, ko Indiya, ko Dubai, kwana bakwai, da masauki da mota da tafinta, duk a kuɗi ɗaya.

Watakila wani zai ce, “Malam, ina ruwanmu da wannan? Mu da muke neman abin da zai zauna mana a ciki, wa yake zancen rage shi?” Gaskiya ne, yawancinmu ba teɓa ce damuwarmu ba. Amma muna da 'ya'ya da ƙanne da suke aiki a Kano, da Kaduna, da Abuja, waɗansu ma sun ƙetare teku. A cikinsu akwai amarya mai shirin biki, akwai wadda ta yi haihuwa huɗu tana jin kunyar jikinta, akwai wadda take zuba adashi tun bara domin wannan tafiya ba ta faɗa wa kowa ba. Ran da za ta tashi, wurin iyaye za ta zo neman albarka. Ya kamata iyayen su san abin da za su tambaya. Har wa yau, tambayoyin nan su ne dai za a yi in za a kai wani namu waje domin ƙoda, ko ido, ko ƙashin baya.

Bari mu fara da aikin kansa, gama masu talla suna sa a ɗauke shi kamar kitso ko lalle. Likita yakan huda fata, ya ɗura wani ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da na tsai da jini, sa'an nan ya zura siririn bututun ƙarfe a ƙarƙashin fata. Yana tura shi gaba yana janye shi baya, inji kuwa yana zuƙo kitsen cikin kwalba. Wani likitan Faransa, Yves-Gérard Illouz, shi ya gyara hanyar wajen 1977 da bututu marar kaifin baki, a 1987 kuma wani likitan Amurka, Jeffrey Klein, ya kawo dabarar ɗura ruwan. Abin lura a nan shi ne likita ba ya ganin bakin bututun. Da hannu yake jin inda ya kai. Tsakanin kitsen da ake nema da hanji kuwa ba wani nisa, 'yar katangar nama ce kurum. Hannun da bai gwanance ba yana iya wuce katangar nan bai sani ba, a ɗinke mutum, a mai da shi ɗaki, ana ta murna an gama lafiya.

Nijeriya ta riga ta ga wannan a gidan da ya fi kowane gida tsaro. Ranar Lahadi 23 ga Oktoba 2005, ƙasa tana cikin juyayin jirgin Bellview da ya faɗi a Jihar Ogun daren jiya da mutum 117, sai ga labari daga Sifen cewa Stella Obasanjo, matar Shugaban Ƙasa, ta rasu. Saura makonni uku ta cika shekara 60. Ta je wani asibitin kuɗi ne a Puerto Banús, kusa da garin Marbella, aka yi mata zuƙar kitse, bayan kwana biyu rai ya yi halinsa. Da aka kai magana kotu a Malaga, sai aka tabbatar bututun ya shiga kogon ciki, ya huda babban hanji, ya ji wa hanta rauni. Kotu ta kuma ga an yi jinkirin gane abin da ya faru, da jinkirin kai ta babban asibiti, alhali da an yi gwaji da wuri da an iya cetonta. A watan Satumba 2009 aka yanke wa likitan ɗaurin shekara 1, aka hana shi aikin likita shekara 3, aka ce ya biya ɗanta Yuro 120,000.

Ku duba wannan da kyau, 'yan'uwa. Wannan matar Shugaban Ƙasa ce, da kuɗi, da 'yan rakiya, da ofishin jakadanci a bayanta. Ba wurin boka ta je ba. Wanda ya yi mata aikin yana da lasisin likita, in ba haka ba da kotu ba ta sami abin da za ta karɓe na shekara uku ba. Ashe ke nan tambayar “Likita ne?” ba ta isa ba. Wannan kuwa ita ce tambayar da yawancinmu muke tsayawa a kanta. Da mun ga farar riga da abin awon ƙirji a wuya, shi ke nan, bakinmu ya mutu.

Mu malaman makaranta mun san bambancin. Duk wanda ya shiga aji da alli ana ce masa Malam. Amma wanda ya karanta Hausa da tarihi, in aka tura shi ɗakin gwajin kimiyya ya haɗa wa yara sinadarai, takardarsa ta gaskiya ce, aikin ne ba nasa ba. Haka likitoci suke. A ƙasashe da yawa doka ba ta hana wanda ya gama makarantar likita ya rubuta “likitan gyaran jiki” a ƙofarsa ba, ko da bai yi horon wannan fanni ba. A Sifen ɗin dai, ranar 1 ga Janairu 2022, wata mace 'yar shekara 39 ta mutu a Kartahena bayan kusan wata guda tana kwance rai a hannun Allah, saboda hujin da aka yi wa kayan cikinta wajen zuƙar kitse. Wanda ya yi aikin likitan fiɗa ne na sosai, amma fiɗar zuciya da jijiyoyin jini ya koya.

To, wane ne gwanin wannan aiki? A nan gida hanyar a fili take. Mutum zai yi shekara 6 a makarantar likita, ya yi shekara 1 yana aiki ƙarƙashin manya, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan ya koma asibitin koyarwa ya ƙara wajen shekara 6 yana koyon fiɗa, yana rubuta jarrabawa hawa-hawa. In ya ci, sai Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ta ba shi haruffan FWACS, ko Kwalejin Ƙaro Ilmin Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta ba shi FMCS. Haruffan kaɗai ba su gama magana ba, tilas a ji a wane fanni ne, gama mai fiɗar ƙashi ma su yake ɗauke da su. Hukumar Likitoci ta Nijeriya, watau MDCN, ita take riƙe da rajistar kowa, da ƙarin takardunsa, ita kuma take sabunta lasisi kowace shekara.

Irin waɗannan likitoci ba su da yawa, amma akwai su kusa da mu. Suna Asibitin Ƙashi na Dala, suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna Shika ta Zariya. Yawancin aikinsu gyaran wanda wuta ta ƙone ne, da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, da hannun da inji ya tauna. A Sakkwato akwai asibiti guda tun 1999 domin yaran da cutar noma ta ci wa fuska (ba noman gona ba, wata cuta ce mai cin naman baki da kunci). Shawarata ta fari ga duk mai niyyar fita waje ita ce ta fara ganin ɗaya daga cikinsu. Kuɗin kati da na mota zuwa Kano ba su kai komai ba in aka gwada da kuɗin jirgi. Zai duba ta, ya faɗa mata ko aikin ya dace da ita, ya karanta mata takardun likitan can da idon wanda ya san abin. Ba na cewa duk abin da ke gida lafiya ne. A 2020 hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, ta rufe wani asibitin gyaran jiki a Lekki ta Legas bayan koke-koken mutane. Amma a gida akwai wanda za a tambaya, akwai kuma inda za a kai ƙara.

In kuwa an ƙudura sai waje, to sai a yi abin da maigida yake yi kafin ya kira wanzami, watau a san gidansu. Da yake ba mu san ubansa ba, ba mu san wanda ya koya masa ba, abin da zai tsaya a madadin wannan sani shi ne rajistar hukumar ƙasarsa. Abu na fari a nemi cikakken sunan likitan da zai riƙe bututun da hannunsa, da lambar rajistarsa, a rubuce. Da yawa daga masu tallar nan sunan asibiti kawai suke bayarwa, sai an isa can a ce ga likitanki, wani lokaci ma da safen ranar aikin. Wanda ya ƙi ba da suna ya riga ya ba da amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Da an sami sunan, sai a neme shi a wurin da shi bai iya sa hannu ba. A Indiya, Hukumar Likitoci ta Ƙasa ce take riƙe da rajista tun 2020, gwanin wannan fanni kuwa zai kasance da MCh, ko DNB, ko DrNB, a fiɗar gyaran jiki. A Masar, Ƙungiyar Likitoci ta ƙasar tana bambanta likitan gama-gari da wanda ake kira akhissa'i, watau gwani, da istishari, watau babban gwani. A Dubai hukumar lafiya ta sa rajistarta a intanet, kowa yana iya ganin lasisin likita da fanninsa. A Turkiyya, tun 2017 doka ta ce asibitin da zai karɓi baƙi daga waje, har da kamfanin da yake kawo su, sai sun sami takardar izini daga Ma'aikatar Lafiya, sunan gwanin kuma a harshensu shi ne Plastik, Rekonstrüktif ve Estetik Cerrahi Uzmanı. A Ingila akwai rajistar GMC, a cikinta akwai jerin gwanaye daban. Akwai kuma ƙungiyar duniya ta likitocin wannan fanni, ISAPS, da aka kafa a 1970, ita ma tana nuna sunayen 'ya'yanta. Duk wannan aikin maraice ɗaya ne ga yaron da ya iya waya. A sa ɗan makarantar da ke gidan ya duba, ya nuna wa iyaye da idonsu. Ko sau ɗaya dai wayar nan ta yi wani amfani ban da kallon rawa.

Sai a yi hankali da takardun da za a turo. Bangon ofis yana iya cika da takardu masu bakin zinariya, alhali rabinsu na taron kwana biyu ne a otal, inda duk wanda ya biya ya zauna ake ba shi. Hoton takarda da aka turo ta WhatsApp kuma yaro ma yana iya ƙera shi. Yawan mabiya a Instagram ko TikTok ana sayensa. Hotunan “kafin” da “bayan” kuwa, mai talla ne ya zaɓe su, ba zai nuna wadda ta koma gida da ƙurji ba.

Zancen dillali kuma. Kowa a nan ya san dillalin shanu. In ka sayi sa a Maigatari ran Alhamis, dillalin yana cin la'adarsa, amma Alhamis mai zuwa yana nan a gindin turkensa, in san ya zama na sata ko mai ciwo ka san wanda za ka riƙe. Dillalin asibitin waje shi ma la'ada yake ci, a kan kowane kai da ya kawo, amma ba shi da turke. Lambar waya ce, yau tana shiga gobe ba ta shiga. Yana iya zama mutumin kirki mai daɗin baki, yana iya ma zama ɗan garinku. Duk da haka ba daga bakinsa za a ji ko likitan gwani ne ba, gama cin abincinsa yana rataye da amsar. A tambaye shi ma, shi da matarsa wurin wa suke zuwa. An ce wanzami ba ya son jarfa.

Yanzu mu koma ga abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin Marbella, watau daren da ya biyo bayan aikin. Gwani ma yakan yi kuskure. Abin da yake raba wadda ta rayu da wadda ta mutu sau da yawa shi ne wanda yake tsaye a kanta sa'ad da ciki ya fara ciwo, jini ya fara sauka, zuciya ta fara gudu. Domin haka binciken likita bai cika ba sai an binciki gidan da zai yi aikin. Asibiti ne mai lasisin fiɗa, ko kuwa bene ne da aka sa wa gado? Akwai ɗakin kula da wanda ya galabaita? Akwai jini a ajiye? In babu, wane babban asibiti ne suka yi yarjejeniya da shi, minti nawa ne kuma zuwa can? Da dare likita ne yake kwana, ko a otal za a ajiye ta da lambar waya? Wa zai sa ta barci, shi kuma mene ne sunansa da takardarsa? Wannan na ƙarshe mutane ba su cika tunawa da shi ba. A 2023, a garin Matamoros na Meziko, an yi wa mutane allurar baya domin aikin gyaran jiki a asibitoci biyu, ƙwayar cuta ta shiga ta nan ta zama sanƙarau, 'yan Amurka 12 suka mutu. Ba bututun zuƙar kitse ne ya kashe su ba.

Akwai wata alama kuma da ake gane gwani da ita, wadda ba ta cikin kowace rajista. Gwani yana yin tambaya, yana kuma iya cewa a'a. Zai so ya ji ko akwai hawan jini, ko ciwon sukari, ko amosanin jini, watau sikila, wanda ya yi yawa a cikinmu. Zai tambaya ko an taɓa yin fiɗa a ciki, kamar ta haihuwa, ko akwai ƙaba a cibiya, gama ta irin wurin nan bututu yake saurin zarcewa. Zai tambaya ko ana shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Zai duba ko fatar mai yin tabo ce mai tudu, abin da ya fi samun baƙar fata. Wanda ya ga hoto kawai a waya ya yanke kuɗi ya sa rana, bai tambayi ko ɗaya cikin waɗannan ba, ciniki yake yi.

Zai kuma faɗi gaskiya cewa zuƙar kitse ba maganin ƙiba ba ce. A 2004 likitoci a jami'ar Washington ta St. Louis a Amurka sun zuƙe wa mata 15 masu ƙiba kitse wajen kilo 10 kowacce, suka auna su bayan makonni, suka tarar sukari da hawan jini da kitsen jini suna nan yadda suke. Kitsen da yake jawo ciwo yana can ciki kewaye da hanji, inda bututu ba shi da ikon zuwa. Likitocin wannan fanni a Amurka suna ɗaukar abin da ya wuce lita 5 a matsayin babban aiki, wanda tilas a kwana a asibiti ana duba mai shi. Haɗa aiki biyu ko uku a kwanciya ɗaya domin a rage kuɗin jirgi shi ma tarko ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya 'yan ƙasarta 93 da suka mutu bayan aikin gyaran jiki a Jamhuriyar Dominikan daga 2009 zuwa 2022. Da aka duba takardun waɗanda suka mutu a 2019 da 2020, sai aka ga yawancinsu nauyinsu ya wuce kima, an kuma haɗa musu aiki fiye da ɗaya. Abin da ya fi kashe su shi ne gudan kitse ko gudan jini da ya bi jijiya ya toshe huhu.

Wannan gudan jini shi ne dalilin da ya sa ba a gaggawar hawa jirgi. Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawara a jira kwana 5 zuwa 7 bayan zuƙar kitse, kwana 7 zuwa 10 kuma in an yanke fatar ciki an ɗinke. Tafiyar kwana bakwai da ake talla, in aka cire ranar zuwa da ranar gwaji, sai a ga ba ta bar wannan fili ba. A tafi da kuɗin ƙarin kwana, a tafi da ɗan rakiya wanda yake jin Turanci ko Larabci, mai bakin da zai iya tsayawa ya ce a kira likita yanzu. A kuma tambaya tun ba a biya ba, in abu ya ɓaci wa zai ɗauki nauyin magani. Iyalin Shugaban Ƙasa sai da suka jira shekara huɗu kafin kotun Malaga ta yi hukunci. Mai albashin wata ta yi lissafin nata.

Kafin a baro can, a karɓi takardar da ta bayyana aikin da aka yi, da Turanci, da sa hannun likitan: ina da ina aka huda, lita nawa aka zuƙe, wane magani aka ba da, me za a ci gaba da sha. Gama in an dawo Kanya Babba ciwo ya tashi da tsakar dare, Babban Asibitin Babura ko na Kazaure za a nufa, daga nan a tura Kano, likitan da zai karɓe ta kuwa bai ga abin da aka yi ba. Zazzaɓi, ko ciwon ciki mai ƙaruwa maimakon raguwa, ko numfashi sama-sama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko wurin hujin ya yi ja yana fid da mugunya, duk ba a kwana da su a gida, ba a kuma kai su kemis. Akwai wata ƙwayar cuta dangin ta tarin fuka da takan ɓoye a wurin hujin, ba ta fitowa sai bayan makonni, maganinta kuwa na watanni ne. Ku iyaye mata, in 'yarku ta dawo ta ce kada kowa ya ji, to ku rufa mata asiri a unguwa yadda kuke so, amma a gaban likita a faɗi ranar da aka yi aikin, da garin, da sunan asibitin, a kuma miƙa masa takardar.